Cututtukan Saduwa: Tsakanin Rufin Asiri da Cutar da Iyali

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa likita ya gabatar a zaman ƙara wa juna ilimi na wata-wata, a gaban malamai da sauran 'yan'uwa maza da mata. Mun kawo shi kamar yadda ya gabatar, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



An ɗora mini nauyin yin bayani a kan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa tsakanin namiji da mace, da yadda ake kauce musu, da yadda ake maganinsu. Na sani magana ce mai nauyi a bakin Bahaushe, balle a taron da ya haɗa uba da ɗansa, suruki da surukinsa. To amma duk wanda ya karanta Ahalari da Ishmawi yana yaro, an koya masa bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi tun kafin ya san aure, kuma ba wanda ya ce malaminsa ya yi rashin kunya. Uwar muminai A'isha (RA) ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addininsu ba. Saboda haka ku yi mini uzuri, zan kira kowane abu da sunansa.

Hukuncin zina kuwa ba ni zan karantar da shi a gaban malamaina ba. Aya ta 32 ta Suratul Isra'i ta hana kusantarta ma, ba aikata ta kaɗai ba, kuma babu wani rigakafi da ilimin likitanci ya gano wanda ya kai kamewa kafin aure da riƙon amana bayan aure. Wannan mun yi ittifaƙi a kansa. Abin da nake so mu tsaya a kai yau shi ne abin da muke gani a asibiti, wanda ba a cika faɗinsa a kan mumbari ba. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan babi sau da yawa wanda ruwan ya fi duka shi ne wanda bai ja shi ba: matar da ke zaune a ɗakinta cikin kulle, da jaririn da bai ma buɗe ido ba.

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 an sami sababbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu kacal daga cikin waɗannan, a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, wato fiye da miliyan ɗaya a kowace rana. Dukkan huɗun nan ana warkewa daga gare su sarai. Ke nan ɓarnar da suke yi ba ta rashin magani ba ce, ta jinkiri ce da ɓoyo da kuma maganin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba.

CIWON SANYI

Kalmar "sanyi" ta zama buhun da muke zuba kome a ciki. Ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, ciwon baya sanyi, raunin namiji sanyi, kuma mai tallar magani da lasifika a tasha yana da kwalba guda da yake cewa tana maganinsu duka har da basir. Ya kamata mu rarrabe. Yaron da ke wanka a kududdufi ko madatsar ruwa ya zo yana fitsarin jini, wannan tsargiya ce, tsutsa ce ta ruwa, babu ruwanta da saduwa. Farin ruwa mai kauri da ƙaiƙayi da ke damun mata da yawa, musamman masu ciki da masu ciwon sukari, galibi ba daga miji yake ba kuma ba alamar ɓarna ba ne, har budurwar da ba ta san namiji ba tana iya samunsa. An zalunci mata masu yawa da zargi a kan wannan. A ɗaya ɓangaren kuma, maganar da ta yaɗu cewa a masai ake ɗaukar ciwon sanyi ba ta da tushe, domin ƙwayar cutar ba ta daɗewa da rai a wajen jikin mutum. Labari ne da ya yi wa mai laifi daɗi, shi ya sa ya ƙi mutuwa.

Ciwon sanyi na haƙiƙa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda wani likita Bajamushe mai suna Albat Naisa ya gano a 1879. Ga namiji yakan bayyana cikin kwana biyu zuwa mako guda: zafin fitsari kamar ana zuba barkono, da ruwa mai kama da mugunya yana ɓata wando. Shi namiji ciwon yakan tilasta masa neman magani. Ita kuwa mace sau da yawa ba ta jin kome, ko kuma abin da take ji bai kai ta kai kuka ba. A cikin wannan shirun ne ƙwayar ke hawa daga bakin mahaifa zuwa wasu siraran bututu biyu da ƙwan mace ke bi, ta kumbura su, su warke da tabo, su toshe. Idan sun toshe gaba ɗaya haihuwa ta tsaya. Idan kuma toshewar rabi ce, ciki yana iya zama a cikin bututun maimakon mahaifa, ya fashe, jini ya malala a cikin cikinta, in ba a yi mata aiki da gaggawa ba sai dai gawa.

Ku dubi yadda abin ke ƙarewa a gidajenmu. Mace ta yi haihuwa ɗaya ta tsaya, ko ba ta taɓa yi ba. Dangin miji su fara habaici. A ce jinnu ne ya aure ta, ko kishiya ce ta yi mata sammu, a ɗauke ta daga wannan boka zuwa wancan, a cinye ɗan abin da ta tara. Daga ƙarshe a yi mata kishiya ko a miƙa mata takarda, alhali wanda ya kawo cutar yana zaune a zaure ana ba shi haƙuri. Mu da muka tashi domin yaƙi da bokanci da camfi, wannan ma fagenmu ne. Shi ma namijin bai tsira ba, domin ciwon da ya daɗe yana iya ƙuntata masa mafitsara har fitsari ya gagara, ko ya sauka marainansa ya taɓa haihuwarsa. Jaririn da aka haifa ta hanyar da cutar take kuwa, idanunsa kan kumbura su cika da mugunya cikin kwanakin farko, kafin suna. Wannan ba abin ɗiga nono ko sa kwalli ba ne, a ranar za a kai shi asibiti, domin yana iya makancewa cikin 'yan kwanaki.

Akwai wata 'yar'uwar ciwon sanyi da likitoci ke kira kilamidiya, wadda ta fi shi yawa kuma ta fi shi shiru, ɓarnarta ga mahaifa iri ɗaya ce, kuma sukan zo tare. Shi ya sa likita kan haɗa allura da ƙwayoyin sha na kwana bakwai. Akwai kuma tirikomonas, mai sa ruwa mai wari da ƙaiƙayi, ita maganinta mai sauƙi ne matuƙar miji ma ya sha.

A nan dole in yi kuka da ɗabi'ar zuwa kemis a ce "ba ni kafso na ɗari biyu". Mutum ya haɗiyi biyu yau, biyu gobe, zafi ya lafa, ya ce ya warke. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ƙwayoyin da suka saura su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, su ne kuma zai kai wa iyalinsa. Da irin wannan ne ciwon sanyi ya fi ƙarfin fenisilin, ya fi ƙarfin kafson nan ja da rawaya, ya fi ƙarfin wasu magungunan da suka biyo baya, har aka wayi gari allura guda ce, seftiriyazon, aka fi dogara da ita a duniya. Ita ma a 2018 an sami wani mutum a Ingila wanda ciwonsa ya ƙi jin ta, ya ƙi jin maganin da ake haɗa ta da shi. Na ambaci sunan ne don ku san halin da ake ciki, ba don a je a sayo ba.

TUNJERE

Tunjere ya fi kowa iya yaudara. Kimanin mako uku bayan kamuwa sai wani ɗan gyambo ya fito a al'aura ko a baki, marar zafi, bayan 'yan makonni ya warke da kansa ko an sa magani ko ba a sa ba. Nan ne mai maganin gargajiya ke cin kasuwa, domin duk abin da ya bayar sai a ce ya yi aiki. Bayan wani lokaci ƙuraje su feso a jiki har da tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su ɓace. Daga nan cutar ta kwanta a cikin jiki shekaru, wasu ta dawo musu ta zuciya da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da ido.

Babbar ɓarnarsa ga mai ciki ce. Yana ratsa mabiyiya ya kama ɗan tayi: ɓari, ko haihuwar gawa, ko jariri ya zo ya koma cikin kwanaki, ko ya rayu da naƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 hakan ya shafi kimanin ciki 700,000. Ba na cewa duk matar da ake kira mai wabi tunjere ne da ita, akwai sikila da hawan jini da zazzaɓin cizon sauro da sauransu. Amma kafin a huda wa jariri kunne ko a sa masa sunan da zai kore mutuwa, abin da Musulunci bai san da shi ba, a ɗebi jinin uwa da uba a gwada. Tun 1943 aka fara maganin tunjere da fenisilin, kuma har yau, cikin rahamar Allah, wannan tsohuwar allura tana kashe shi: guda ɗaya ga sabon kamu, uku a mako uku ga wanda ya daɗe. Mai cikin da aka yi wa da wuri, ɗanta yakan tsira.

GIDA MAI MATA FIYE DA ƊAYA

Ya 'yan'uwa magidanta, nan ne maganar ta fi shafarmu. Idan cutar ta shiga gidan mai mata uku, mutum huɗu ne marasa lafiya ko da guda ɗaya ce ke kuka. Maigida ya yi magani a ɓoye ya warke, ya shiga ɗakin uwargida ya sake ɗauka, ya kai wa amarya. Ko kuma a kai mace ɗaya asibiti, miji ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ta warke ta dawo ya mayar mata. Tufka da warwara ke nan, shekara da shekaru, har mace ta gaji ta ce ita dai sanyi ya zame mata jiki. Ƙa'idar ita ce a yi wa kowa magani lokaci guda, a sha shi har ƙarshe, sa'an nan a ƙaurace wa shimfiɗa har kwana bakwai bayan fara magani kuma kowa ya kammala nasa. Wannan bai taɓa rabon kwana ba, domin malamai sun bayyana cewa abin da aka wajabta rabawa shi ne kwanan kansa.

Na san abin da ke hana maza magana. Mutum zai ce: na yi kuskure, na tuba, Allah ya rufa mini asiri, yaya zan tona wa kaina? Gaskiya ne shari'a ba ta nemi mai zunubi ya yi shelar zunubinsa ba, hasali ma ta umurce shi da ya suturta kansa. Amma tuba tana kankare zunubi ne, ba ta kashe ƙwayar cuta. Zunubin tsakaninka da Ubangijinka yake, cutar kuwa ta shiga haƙƙin wata baiwar Allah da aka ba ka amanarta, kuma hana cutarwa yana daga manyan ƙa'idojin shari'a. Ba a ce ka zauna ka ba ta labarin inda ka je ba. Abin da ke kanka shi ne ka ce: likita ya ga wata cuta a jikina, ya ce mu je tare. Wanda ya san yana ɗauke da cuta ya ci gaba da kusantar matarsa bai gaya mata ba, wannan ba rufin asiri yake yi ba, zalunci yake yi.

Haka kuma, samun cutar a jikin mutum ba shaidar zina ba ce. Tana iya zuwa daga auren baya, tana iya kwanciya shekaru, wasu ana ɗaukarsu ta jini ko daga uwa. Takardar gwaji ba ta tsaya a matsayin shaidu huɗu ba, kuma Suratun Nur ta yanke wa mai ƙazafi bulala tamanin. Ina roƙon iyayenmu mata da dangin miji su riƙe harshensu.

WAƊANDA BA A WARKEWA SARAI

Ƙanjamau an fara ba da rahotonsa a Amurka a 1981, a Nijeriya kuma a 1986. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar a ƙasar nan. Dattawan cikinmu suna tuna lokacin da ake kiransa kabari kusa. Wannan suna ya tsufa. Tun 1996 aka sami haɗin magungunan da ke danne ƙwayar, kuma wanda ke sha kullum ba fashi yana iya rayuwa kamar kowa, ya yi aure ya haihu. An tabbatar da cewa idan magani ya danne ƙwayar har gwaji ya kasa ganinta a jini, ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Mai cikin da ba ta shan magani, daga kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari ɗanta kan ɗauka, da magani kuwa abin yana sauka ƙasa da kashi 5. Amma dannewa ce, ba warkewa ba. Duk wanda ya ce maka ka ajiye ƙwayoyinka ka sha rubutu ko saiwa ka warke, yana neman ranka ne. Ka yi addu'a, ka yi ruƙiyya ta shari'a, ka sha maganinka. Ba a ɗaukarsa ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko buta, ko sahun salla, ko cizon sauro. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Abu Dabi a 1995, ta yanke cewa babu wajabcin ware mai wannan cuta daga jama'a, cewa sa wa wani ita da gangan haramun ne mai jawo uƙuba, kuma cewa mace tana da haƙƙin neman rabuwa da mijin da ke ɗauke da ita. Wannan bai saɓa wa abin da muka sani a mazhabar Malikiyya ba, inda aka ba ma'aurata zaɓi saboda aibobi irin su kuturta da albaras da hauka.

A irin wannan hali ne, ko lokacin da ɗaya daga ma'aurata bai gama magani ba, kwaroron roba ke da gurbi a cikin gidan aure, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasinsa da azalu. Ƙyamar da muke yi wa masu tallarsa ga samari kada ta hana mu amfani da shi inda zai kare matar sunna.

Ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau yawa a cikinmu kuma ya fi shi saurin kamu, ga shi ba a damu da shi ba. Yana bin saduwa, yana bin jini, yana bin haihuwa. Babban da ya kamu galibi jikinsa kan kore shi, amma jariran da suka ɗauka, kimanin 9 cikin 10 yana zame musu na dindindin, ya jira su a shekarun ƙarfi da kumburin ciki ko sankarar hanta. Yana da allurar rigakafi, kuma ta farko ana so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, ba a jira suna ko arba'in ba. Askar wanzami guda da za a yi wa yara goma kaciya da ita, da ƙaho, da abin yankan farce na masu yawo, duk hanyoyi ne. Kowa ya zo da sabuwar rezarsa.

Tun da na ambaci kaciya: bincike uku da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari. Alhamdu lillahi da sunnar Annabi Ibrahim (AS). Amma ragewa ce, kada wani ya ɗauke ta sulke.

Sai sankarar bakin mahaifa, wadda kusan dukkanta wata ƙwaya ce da ake ɗauka ta saduwa ke jawo ta bayan shekaru masu yawa. A 2020 ta kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya, ta kashe kimanin 8,000. A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta. Na ji masu cewa tana hana haihuwa, kuma babu hujja a kan haka. Na ji masu cewa 'yarsu mai tarbiyya ce ba ta buƙata. To, ka san tarbiyyar 'yarka, shin ka san tarihin mijin da za ta aura? Duk matar da ke ganin jini bayan saduwa, ko bayan haila ta ɗauke mata gaba ɗaya, kada ta tsaya tana lissafin istihala kawai, ta je a duba ta.

GWAJI KAFIN ƊAURIN AURE

A watan Mayu na 2024 Jihar Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Ko da doka ko babu, waliyyi amintacce ne a kan wadda yake aurarwa. Abin ya fi ƙarfi a auren bazawara da bazawari da mai ƙarin aure, ganin yadda saki ya yi yawa a cikinmu. Idda tana tabbatar da cewa mahaifa ba ta ɗauke da ciki, ba ta tabbatar da cewa jini ba ya ɗauke da cuta. Kuma a lura da abu biyu. Takardar da ango ya zaro daga aljihu ba a san inda aka buga ta ba, gara a je tare a asibitin da aka amince da shi. Sa'an nan gwajin ƙanjamau na gaggawa yana iya kasa ganin ƙwayar da ta shiga jiki cikin wata uku da suka wuce, saboda haka gara a yi tun lokacin sa rana, a maimaita dab da biki. Liman ko wakilin da sakamako ya biyo ta hannunsa, amana ce, ba labarin majalisa ba.

Ku kuma iyayenmu mata, duk wadda ta je awon ciki ta tambayi ma'aikaciya da bakinta ko an yi mata gwaji uku: na ƙanjamau, da na tunjere, da na ciwon hanta. Ku kuma maza ku ba su izini da kuɗin mota, kuma idan an aiko a kira ku, ku je.

Lokaci ya ƙure. An raba takardu a sashen maza da na mata, mai tambaya ya rubuta ba tare da sa suna ba, 'yan agaji za su tattaro, abin da ya shafi hukunci kuma zan miƙa wa malamai.